Dare a kwamfuta ba ya kashe ido, na hanyar Kwalkwalawa kuwa yana yi

1/
Zaren nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri. Magana ce kan tuƙin dare, kan fitilun da ke kashe mana ido a titi, da kuma na'urar kwaikwayon tuƙi, wato simuleta, wadda wasu ke gani ita ce za ta gyara mana koyon mota. Ina da ja a kai. 🧵

2/
Makon jiya na makara a makaranta, har bayan isha'i. Motocin ɗalibai sun tashi, sai na hau kabu-kabu zuwa cikin gari. Dattijo ne mai mashin ɗin, furfura har gemu, tuƙinsa a natse. Mun wuce Kwalkwalawa kaɗan sai ga wata mota ta taho da farar wutar nan, ful.

3/
Wallahi duniya ta ɓace mini. Ba titi, ba gefen titi, sai fari fat. Na ji Baba ya taka birki, mashin ya yi wutsiya. Da motar ta wuce, idona ya dawo, sai ga amalanken shanu a gabanmu, ba fitila ba komai. Tsakaninmu da ita bai kai taku biyar ba.

4/
Ya sauke ƙafa ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi ɗalibi, ban gan ta ba sai da munka kai gare ta. Wagga wuta tasu ta zamani sai ta kashe mutum." Na ce, "Allah ya tsare gaba, Baba." Muka ci gaba a hankali, ba wanda ya ƙara cewa uffan.

5/
Na isa ɗaki na tarar da abokin zamana yana buga Euro Truck Simulator 2. Tuƙin dare yake yi, tireloli na zuwa masa da fitilu a kunne, shi kuwa yana cin gyaɗa, ko ƙifta ido bai yi ba. Na tsaya a bayansa ina kallo, ƙafata har lokacin tana rawa.

6/
A nan tambayar ta zo mini. Wasan nan ya kwaikwayi nauyin tirela, ƙarar inji, ruwan sama a gilashi, har gajiyar direba. Me ya sa abu ɗaya da ya kusa kai mu lahira mintuna arba'in da suka wuce shi ne ya kasa kwaikwaya? Na kwana biyu ina karatu a kai.

7/
Amsa ta farko mai sauƙi ce: allo ba shi da ƙarfin. Ana auna hasken da ke fitowa daga fuskar abu da ma'aunin da ake kira nit. Allon kwamfuta na yau da kullum yana ba da nit 250 zuwa 350. Waya mai tsada tana iya haura 1000 a rana.

8/
Fitilar motar da ke fuskantarka kuwa, ko a dim take, tana kai nit dubun-dubata. In ful aka sakar maka, maganar miliyoyi ake yi. A wajen allo, fari yana ƙarewa ne a lamba 255. Farar takarda 255, farar riga 255, fitilar tirela ita ma 255. Ba abin da ya wuce nan.

9/
Ta ɗaya ɓangaren ma haka. Baƙin allo ba baƙi ba ne na gaske, akwai ɗan haske da ke tsiyaya ta baya. Yawancin allunan nan bambancin farinsu da baƙinsu bai wuce kashi 1000 bisa 1 ba. Ga kuma ƙwan ɗaki a kunne. Idonka bai ma shiga yanayin dare ba balle a kashe shi.

10/
Shiga yanayin dare kuwa ba wasa ba ne. Ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu. Shi ya sa in aka ɗauke wuta kake laluben ƙofa da farko, can anjima ka fara ganin komai. Haske mai ƙarfi yana rusa wannan sabon cikin ƙiftawa.

11/
Me ke faruwa a cikin ido? Hasken da ya shiga ba duka yake tafiya inda ya kamata ba. Wani yana warwatsewa a cikin ƙwayar ido, ya bazu a kan duk hoton kamar an yafa farin mayafi. Mutumin da ke tafiya a gefen titi da baƙar riga yana nan, mayafin ne ya rufe shi.

12/
Masana sun daɗe da sanin wannan. Holladay a Amurka a 1926, da Stiles a Ingila a 1929, sun fitar da lissafinsa: kaurin mayafin yana ƙaruwa da ƙarfin hasken, yana kuma ƙaruwa sosai in fitilar ta matso kusa da inda kake kallo. Ka rage kusurwar da rabi, mayafin ya ninka sau huɗu.

13/
Yanzu ka ɗora wannan lissafi a kan titunanmu. Hanyar Illela ta Kware da Gwadabawa, hanyar Gusau ta Dange da Tureta, hanyar jami'a. Mota na tahowa, abin da ya raba ku a faɗi mita uku ne ko ƙasa. Daga nisan mita 100, fitilarsa ba ta kai digiri biyu ba daga tsakiyar ganinka. Kusan cikin ido take.

14/
Kashe ido iri biyu ne. Akwai wanda ke damunka kawai, ka ji zafi, ka yi tsaki. Shi ana auna shi da tambayar mutum, a kan ma'aunin De Boer na 1967, daga 1, ba ya jurewa, zuwa 9, da ƙyar ka lura. Akwai kuma wanda ke rage maka gani, ko ka ji zafi ko ba ka ji ba.

15/
Na biyun ne mai kisa, don ba ya sallama. Direba zai rantse maka shi haske ba ya damunsa, ya saba. Ƙila gaskiya ne ya saba da zafin. Amma mayafin nan bai san sabo ba. Mai shekara talatin a kan sitiyari da ɗan koyo, haske iri ɗaya yake warwatsewa a idonsu, na dattijon ma ya fi.

16/
Bayan motar ta wuce ma ba a gama ba. Ido yana buƙatar wasu daƙiƙu kafin ya farfaɗo, kuma da shekaru lokacin yake ƙaruwa. Mu yi lissafi: gudun kilomita 80 a awa, mita 22 ke nan a daƙiƙa. Daƙiƙa uku, mita 67. Kusan biyu bisa ukun filin ƙwallo ka yi a makance.

17/
To me masu wasanni ke yi? Dabara. Suna zana wani farin hayaƙi da tsirkiya kewaye da fitilar, don ƙwaƙwalwa ta ce "wannan abu yana da haske." Tun 1995 Greg Spencer da abokan aikinsa suka wallafa yadda ake lissafa wannan zane daga yadda ido ke warwatsa haske.

18/
Dabarar tana da kyau a fim da wasa. Amma hoton kashe ido ne aka nuna maka, idonka lafiya lau yake. Ba ka runtse ba, ba ka kau da kai ba, ƙwayar idonka ba ta tsuke ba, kuma da motar ta wuce ganinka garau. Kamar a nuna maka hoton barkono a ce ka ji yaji.

19/
Akwai kuma wata matsala. Hayaƙin da aka zana iri ɗaya ne ga kowa. Ni mai shekara ashirin da 'yan kai da Baba mai kabu-kabu allo ɗaya za mu kalla, mu ga abu ɗaya. A titi kuwa idona da nasa ba ɗaya ba ne. Simuletar ta shafe bambancin da ya fi komai muhimmanci.

20/
Wasu sun nemo mafita. A 2013, Alex Hwang da Eli Peli na cibiyar binciken ido ta Schepens a Boston sun wallafa yadda suka yi. Sun bar allo ya nuna titi da motoci, hasken fitila kuwa suka ba wa fitilun LED na gaske, jere a kan wani faifai.

21/
Suka sa gilashi a karkace tsakanin direba da allo, irin wanda rabi yake nuna abin da ke bayansa, rabi yake aikin madubi. Motar cikin allo na matsowa, kwamfuta na kunna ƙwan da ya dace da inda fitilarta take, tana ƙara masa ƙarfi. Hasken gaske ke shiga idon gaske.

22/
Da wannan na'ura suka gwada masu yanar ido, suka ga hasken mota mai tahowa yana jinkirta musu ganin mai tafiya a ƙasa fiye da masu lafiyar ido. A 2019 kuma suka gwada tabaran nan mai ruwan ɗorawa da ake tallarsa don tuƙin dare. Bai taimaka wajen ganin mutum a titi ba.

23/
Ku tsaya a kan wannan. Tabaran da ake sayar wa direbobi a tasha da bakin danja, ana cewa maganin ful layit ne. Mai sawa yana jin sanyi a ido, sai ya ƙara wuta. Da simuleta mai allo kawai aka gwada shi, ba yadda za a gane, tunda babu hasken da zai tare tun farko.

24/
Ga ra'ayina ke nan. Duk makarantar koyon tuƙi ko hukuma da za ta sayi talabijin uku da sitiyari ta ce tana koyar da tuƙin dare, ba ta koyar da shi. Tana koyar da tuƙin rana ne da baƙin fenti. Kuma ina ganin hakan ya fi rashin koyarwar haɗari.

25/
Dalili: wanda bai taɓa tuƙin dare ba yana tsoronsa, tsoron nan yana sa shi lallaɓawa. Wanda ya yi awa goma a simuleta, tireloli suna wuce shi yana murmushi, ya ci jarrabawa, shi an cire masa tsoron ba a ba shi ilimin ba. Ranar da ya hau hanyar Illela ƙarfe tara zai sani.

26/
Kuma mu faɗi gaskiya, yawancinmu ma ba a makaranta muka koya ba. Yaya ko kawu ne ya kai mu fili da hantsi, muka yi ribas tsakanin duwatsu biyu. Masu zuwa makarantar ma, ku faɗa mini, nawa ne a cikinku aka fita da su bayan magariba ko sau ɗaya?

27/
Hukumar FRSC da aka kafa a 1988 tana wa'azi a guji tafiyar dare, musamman ƙarshen shekara. Shawara ce mai kyau. Amma mai kabu-kabu, mai keke napep, direban tirelar siminti, ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, ɗalibin da ya makara, duk ba su da zaɓi. A Sakkwato ma, lokacin zafi, dare ne lokacin fita.

28/
In ba za a daina tuƙin dare ba, to a koyar da shi. In kuma za a koyar da shi da na'ura, to ta kwaikwayi darenmu, ba na Jamus ba. Daren Jamus akwai fenti a titi, akwai shinge a tsakiya, fitilun motoci an daidaita su. Namu fa? Bari in lissafo.

29/
Na ɗaya, ƙwan LED da ake cusawa a fitilar da aka ƙera don halojin. Madubin cikin fitilar an lissafa shi ne daidai da inda zaren ƙwan yake. Ka canza ƙwai, haske ya daina zuwa inda aka tsara, ya fantsama sama. Mai motar yana murna ya ga fari, na gabansa ya makance.

30/
Na biyu, lodi. Ka ga Golf ko Sharon an danƙara mata albasa har but ya ƙi rufuwa. Baya ya zauna, gaba ya ɗaga, dim ɗinta ya koma ful ba tare da direba ya taɓa komai ba. Motoci da yawa suna da ɗan maɓallin sunkuyar da fitila saboda haka. Wa ke taɓa shi?

31/
Na uku, tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta dama. Dim ana ƙera shi ne a karkace: ya ɗaga ta gefen titi, ya sunkuya ta gefen mai tahowa. Motar da aka yi don Ingila ko Japan, aka juya mata sitiyari aka bar fitilunta, ɗagawar tana faɗawa ne daidai idon mai tahowa.

32/
Na huɗu, mai ido ɗaya. Kana zaton mashin ne, ka matsa tsakiya, ashe tifa ce. Na biyar, dogayen fitilun nan da ake ɗaurawa a kan bamba da rufin mota. Na shida, hazo. Lokacin hunturu ƙura a iska, ƙura a gilashi, kowace tana ƙara warwatsa hasken kafin ma ya iso ido.

33/
Na bakwai, abin da ke cikin duhun. Amalanke, jaki, raƙumi, mai keke, almajiri, motar da ta lalace aka sa mata ganye a baya. Babu mai fitila a cikinsu. Simuletar da ba ta ɓoye amalanke a bayan hasken tirela ba, ba ta san hanyar Kwalkwalawa ba.

34/
Sai idon direbobin kansu. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da 'yan Najeriya, kashi 43 cikin 100. Tun tana ƙarama, kafin mutum ya san yana da ita, take ƙara warwatsa haske a ido.

35/
Irin wannan mutum zai iya karanta haruffan allon gwaji da rana tsaf, a ba shi lasin. Gwajin bai tambayi abin da yake gani ba in an haska shi. A nan nake ganin simuleta mai fitilar gaske za ta fi amfani: ta nuna wa dattijo da kansa, ba gardama, cewa lokacin ganin likitan ido ya yi.

36/
Na san abin da za a ce. "Malam, muna fama da ramuka da 'yan bindiga a hanya, kai kana zancen simuleta?" Gaskiya ne, kuma ban ce a bar waɗancan ba. Hasali ma rashin tsaro yana cikin abin da ke sa direba ya ƙi rage gudu ya ƙi rage wuta da dare. Ba na ganin laifinsa gaba ɗaya.

37/
Za a kuma ce gyara fitilun ya fi koya wa mutane jure musu. Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Da za a ba ni zaɓi ɗaya, duba saitin fitila kafin sabunta takardun mota zan zaɓa, ba na'ura ba. Amma ko ƙasashen da ke duba wannan duk shekara ba su huta ba.

38/
A Ingila koke ya yi yawa har gwamnati ta sa a yi bincike kan hasken fitilun mota a 2024. Amurka sai a 2022 ta halatta fitilun da ke rage haske da kansu ta gefen mota mai tahowa. Kafin irin waɗannan su zo mana a tokumbo, shekaru ne. Kafin nan direba zai ci gaba da haɗuwa da ful.

39/
Batun kuɗi kuma, abin da ya fi tsada a aikin Boston ilimi ne da awo. Kayan kuwa, ƙwayayen LED, gilashi, ƙaramar kwamfuta irin Arduino, ɗaki mai duhu. Ba na cewa za mu yi daidai da nasu. Haɗa hasken da motsin motar allo, da auna ƙarfinsa kada ya cutar da ido, aiki ne ja.

40/
Amma aikin kammala digiri ne da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ya dace da huɗu: ɗan kimiyyar kwamfuta, ɗan fiziks, ɗan injiniyan lantarki, da ɗalibin likitanci. Duk muna da su a Danfodiyo. Maimakon manhajar rajistar ɗalibai ta ɗari da ake sake rubutawa kowace shekara.

41/
Ko sigar talaka ma ta isa a fara. Ɗaki mai duhu, a zaunar da mutum minti 20, allo a rage masa haske, fitila biyu a gefen hagu suna ƙaruwa a hankali, a ce ya danna hon in ya ga mutum a titi. A nuna masa daƙiƙun da ya ɓata, a mayar masa da su mita. Wannan lambar ba zai manta da ita ba.

42/
Kafin a kai can, ga abin da ba ya buƙatar naira ko ɗaya. In an haska ka, kada ka kalli fitilar, mayar da ido gefen dama na titi. Ɗaga ƙafa daga totur tun kafin ku haɗu. Kada ka rama da ful, makafi biyu ke nan suna tunkarar juna. Goge gilashi ciki da waje.

43/
Ka gwada fitilarka yau. Tsaya a wuri mai lebur, mita 10 daga bango, kunna dim. Auna tsayin fitilar daga ƙasa. Layin saman hasken a bango ya kamata ya sauka ƙasa da wannan tsayin da kamar santimita 10. In ya haura, kai ne kake kashe mana ido. Rewaya zai saita maka cikin mintuna.

44/
Masu amalanke da keke kuma, ɗan kyallen nan mai ƙyalli da ake liƙawa a bayan tirela bai fi kuɗin katin waya ba. Da akwai shi a amalanken nan, da Baba ya hango ta tun kafin motar ta haske mu. 'Yan yuniyon da masu unguwanni za su iya wannan ba sai an jira Abuja ba.

45/
Masu makarantun koyon tuƙi, in kuna karantawa: ko ba na'ura, ku sa fita biyu bayan isha'i cikin darasi, malami a gefe. In kuma wani ya kawo muku tallar simuleta mai "yanayin dare", ku zauna a kai, ku ce ya sako tirela da ful. In ba ku runtse ido ba, ku riƙe kuɗinku.

46/
Ban san sunan Baba mai kabu-kabu ba. Da na sauka na ƙara masa wani abu a kan kuɗin, ya ce in bari, "Allah ne ya yi muna gyaɗar dogo." Ya juya ya koma hanyar da muka fito, don akwai sauran ɗalibai a makaranta. Tun ranar, duk farar wutar da na gani sai na tuna shi.

47/
In kai ɗan Danfodiyo ne kuma aikin nan ya yi maka, yi mini magana ta akwati, da gaske nake. Direbobi kuma ku faɗa mana a ƙasa: wace hanya ce ta fi kashe muku ido a Sakkwato, kuma me kuke yi in an haska ku? Allah ya kai mu gida lafiya.